Wa Ya Ɗauki Kafiretar Baba?

A garin Zomba, can gindin dutse, akwai wata yarinya mai suna Tadala. Shekarunta goma sha ɗaya, tana aji shida. Tana zaune da babanta da mamarta da kakarta ta wajen uba, wadda kowa ke kira Agogo, wato Kaka a yarensu.

Tadala tana da kunne kamar na zomo. Ba a yin magana a gidan ta wuce ta. Sai dai sau da yawa rabin magana take ji, sauran kuma ta ƙarasa da kanta.

Babanta, Bambo Makwinja, ma'aikacin gidan ruwa ne. A can, Bambo kamar a ce Malam ne. A bayan gidansu akwai gareji mai rufin kwano, amma babu mota a ciki. Wani tsohon babur ne ɗan Ingila a jingine. Marigayi kakan Tadala ne ya hau shi lokacin da yake malamin gona. Babur ɗin ya fi shekara ashirin bai motsa ba. Tsatsa ta ci tankinsa, ɓeraye sun ci kujerarsa.

Wata Asabar Baba ya share garejin tas. Ya ce zai tashi babur ɗin.

Mama ta riƙe haɓa. Ta ce, "Wannan gawar? Baban Tadala, ka bar matattu su huta mana."

Baba ya ce, "Barci yake yi. Za ki ji kukansa."

Ba shi kaɗai ya kama aikin ba. Maƙwabcinsu Bambo Chikopa mai walda ne, kuma aminin Baba tun suna yara. Shi ma yana da tsohon babur irin wannan. Nasa yana tafiya, amma da tari da atishawa. Kowace Asabar yakan zo da akwatin kayan aikinsa, su shiga gareji.

Suka kwance babur ɗin kaf. Suka jera ƙarafan a kan tsofaffin jaridu. Suka wanke su da kalanzir ɗaya bayan ɗaya. Suka kankare tankin, suka yi masa koren fenti. Aka ɗinka sabuwar kujera ta fata. Duk yini suna aiki suna tsokanar juna.

Bambo Chikopa yakan ce, "Kai, ɗan'uwa, saki sifanar nan. Noti kake ɗaurewa ko wuyan akuya kake murɗewa?"

Baba ya ce, "Mai babur mai tarin fuka ne zai koya mini aiki?"

Tadala takan kai musu shayi, ta tsaya tana kallo. Wata rana ta ga Bambo Chikopa yana liƙa wasu ƙarafa uku masu kauri a gefen hagu na babur ɗin. Sun miƙo waje kamar hannuwa.

Ta ce, "Baba, waɗannan na mene ne?"

Mazan biyu suka dubi juna. Baba ya ce, "Za ki gani. Je ki taya Mama tsinkar ganye."

Tadala ta fita. Amma kallon da suka yi wa juna ya tsaya mata a rai.

Abu ɗaya ya rage babur ya tashi, wato kafireta. Ita ce 'yar na'urar da ke gauraya fetur da iska ta ba inji. Ta babur ɗin ta fashe tun da daɗewa, kuma babu irinta a kasuwa. Sai da Baba ya aika ƙasar waje. Ya yi wata uku yana jira.

Ran da ta iso, Baba ya buɗe ƙaramin kwalin a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba. Tana ta ƙyalli.

Bambo Chikopa ya juya ta a hannunsa. Ya ce, "Kai! Da ni na samu wannan, da tarin babur ɗina ya warke. Ka riƙa kulle ta fa, kada in sace."

Suka yi dariya. Baba ya ce Asabar mai zuwa za su ɗaura ta.

Ran Laraba Tadala ta dawo daga makaranta da wuri. Tana cire takalmi a bakin ƙofa, sai ta ji muryar Baba daga kicin. Ya dawo cin abincin rana. Yana magana ƙasa-ƙasa.

"Da ya tashi, sai tafiya. Dole ne kafin ruwa ya sauka. Hanyar ba ta da kyau."

Mama ta ce, "Ka gaya wa Tadala?"

Baba ya ce, "A'a! Kada ta ji. In ta ji, an gama."

Tadala ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Tafiya? Zuwa ina? Me ya sa ita ce ba za ta ji ba?

Washegari a lokacin tara ta gaya wa ƙawarta Ulemu. Baban Ulemu ya tafi neman aiki Joni, can Afirka ta Kudu, shekara huɗu da suka wuce. Ya ce zai dawo da Kirsimeti. Har yau bai dawo ba.

Ulemu ta ce, "Haka aka yi mini. Kowa ya sani ban da ni. Na tashi da safe na ga babu takalmansa."

Tadala ta ce, "Amma wa zai je Joni a kan tsohon babur?"

Ulemu ta ce, "To ƙarafan da kika ce an liƙa fa? Ba na ɗaure akwati ba ne? Ko ya hau shi, ko ya sayar ya yi kuɗin mota. Duk ɗaya ne."

Tadala ta kasa cin dankalin da ta zo da shi. Ranar ba ta ji komai a aji ba. Kafin a tashi ta gama yanke shawara. In babu kafireta, babur ba zai tashi ba. In babur bai tashi ba, Baba ba zai tafi ba.

Ran Juma'a da la'asar Mama ta tafi kasuwa. Agogo tana gyangyaɗi a ƙarƙashin mangwaro. Tadala ta ɗauki mabuɗin gareji daga ƙusar bayan ƙofa. Ta shiga, ta buɗe kwalin. Ta ɗauke kafiretar, ta kai ta bayan akurkin kaji. Ta jefa ta cikin wani tsohon gwangwanin fenti mara murfi, ta tura shi ƙarƙashin itace. Ta kulle garejin, ta mayar da mabuɗin.

Tana wanke hannu sai ga Bambo Chikopa. Yana da nasa mabuɗin. Ya shiga garejin da igiyar awo, ya gwada ƙarafan nan uku, ya fito yana fito da baki.

Ya ce, "'Yata, ya karatu?"

Ta ce, "Lafiya lau, Bambo." Ba ta ɗago kai ba.

Da safiyar Asabar Baba ya shiga gareji yana waƙa. Can sai waƙar ta tsaya. Aka ji ana jan akwatuna, ana zubar da ƙarafa. Baba ya fito da kwali a hannu, babu komai a ciki.

"Maman Tadala! Kin taɓa kwalin nan?"

Mama ta ce, "Ni da ban ma san sunan abin ba?"

Baba ya juyo. "Tadala, kin ga kafiretar?"

Tadala ta kau da kai. Ta ce, "Ban gani ba, Baba."

"Wani ya shiga garejin jiya?"

Ta dubi ƙasa. Ta ce, "Bambo Chikopa ya shiga da la'asar."

Gaskiya ne ya shiga. Amma Tadala ta san abin da ta yi da wannan gaskiyar. Ta miƙa wa Baba rabi, ta riƙe rabi.

Baba ya dubi kwalin. Fuskarsa ta canja.

Ba a daɗe ba Bambo Chikopa ya shigo da akwatinsa. Ya ce, "Yau ce ranar! Ina amaryar tamu?"

Baba ya miƙa masa kwalin. Ya ce, "Kai zan tambaya."

Bambo Chikopa ya leƙa kwalin, ya yi dariya. "Ka ɓoye ta ke nan don ka tsorata ni?"

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Kwaɗo bai karye ba. Mabuɗi biyu ne, ɗaya a wurina, ɗaya a wurinka. Jiya ka shiga. Kuma da bakinka ka ce za ka sace."

Dariyar ta bushe a fuskar Bambo Chikopa. Ya ce, "Wasa fa na yi, Makwinja."

"Ni ma da na ɗauka wasa ne."

Bambo Chikopa ya dube shi ya daɗe. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da mabuɗin, ya ajiye a kan tankin babur. Ya ɗauki akwatinsa ya fita.

Tadala tana bayan ƙofa. Ta ji komai. Amma ta ce wa kanta, "Ai dai Baba ba zai tafi ba."

Baba kuwa bai tafi ba. Sai dai wanda ya zauna ba Baban da ta sani ba ne. Ya sayo sabon kwaɗo babba. Ya daina waƙa. In sun haɗu da Bambo Chikopa a hanya, kowa ya kau da kai. A coci, iyalan biyu suka daina zama a benci ɗaya. Mama ta daina miƙa ganyen kabewa ta kan katanga, matar Bambo Chikopa ma ta daina miƙo ayaba.

Zargi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Baba ya fara kallon kowa da gefen ido. Mai kawo gawayi ya tsaya kusa da gareji, Baba ya daka masa tsawa. Mai sayar da kifi ta leƙo tsakar gida, Baba ya tambaye ta abin da take nema. Magana ta bazu a unguwa. Mutum biyu da suka kai wa Bambo Chikopa aikin ƙofa suka je suka kwashe ƙarafansu.

Kowace yamma Baba yakan tsaya a tsakar gida yana duban kan dutse. Gajimare yana taruwa, kullum yana ƙara duhu. Sai ya ja tsaki ya koma ciki. Ko nsima, tuwonsu na masara, ba ya cinyewa.

Agogo ta ce, "Gidan nan ya yi nauyi. Shekara arba'in na san yaron nan Chikopa. Ko gyaɗa bai taɓa ɗauka ba."

Baba ya ce, "Mama, mutum yana canjawa."

Tadala ta ajiye lomar da ke hannunta.

A makaranta ma abin ya bi ta. Ta faɗi gwajin lissafi, ita da ba ta taɓa faɗuwa ba. Malama Namacha ta tsayar da ita bayan an tashi.

Ta ce, "Tadala, jikinki yana aji, hankalinki yana wani gari. Me ke faruwa?"

Tadala ta yi ta murza gefen rigarta. Can ta ce, "Malama, in mutum ya ɓoye gaskiya don ya hana wani mugun abu faruwa, laifi ne?"

Malama ta ce, "Wa ya ce mugun abin zai faru?"

"Na ji ana faɗa."

"Kin ji daga farko har ƙarshe?"

"A'a."

"Kin tambayi masu maganar?"

"A'a, Malama."

Malama ta ajiye allinta. Ta ce, "To ba ki sani ba ke nan, zato kike yi. Ba zan matsa miki ki gaya mini ba. Amma ki amsa wa kanki tambaya ɗaya. Wannan shirun naki, akwai wanda yake shan wahalarsa?"

Tadala ta ɗauki jakarta ta fita. Duk hanyar gida tambayar tana bin ta.

Asabar ta biyu, da hantsi, aka yi sallama. Bambo Chikopa ne. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Yana riƙe da wani abu a cikin tsumma. Tadala tana shanya wanki, ta leƙo ta bayan zani.

Baba ya fito, ya harɗe hannuwa.

Bambo Chikopa ya buɗe tsumman. Wata tsohuwar kafireta ce, baƙa, an ɗaure gefenta da waya. Ya ce, "Ga tawa. Na cire daga babur ɗina. Tsohuwa ce, amma tana aiki. Ruwa ya kusa sauka. Ka ɗaura ta ku yi tafiyar nan. Ni na taka da ƙafa."

Baba ya dubi kafiretar. Ya dubi amininsa. Ya yi wani murmushi mara daɗi.

Ya ce, "Yanzu na gane. Ka ɗaura sabuwar a naka, ka kawo mini tsohuwar. Har in gode maka ko?"

Bambo Chikopa ya ja da baya kamar an mare shi. Ya ce, "Makwinja! Zo ka duba babur ɗina. Yana can babu komai a jikinsa."

"Ai ba za ka bar ta inda zan gani ba. Na yi haƙuri sati biyu. Ran Litinin zan kai magana wurin 'yan sanda."

Bambo Chikopa ya naɗe kafiretarsa a tsumman. Babban mutum ne, mai furfura a gemu. Tadala ta ga idanunsa sun cika da hawaye. Ya juya zai tafi.

Zanin da ke hannunta ya faɗi ƙasa.

Ta ce, "Baba! Ba shi ba ne! Ni ce!"

Duk suka juyo. Mama ta fito daga kicin da muciya a hannu.

Baba ya ce, "Ke ce me?"

Tadala ta ruga bayan akurki. Ta jawo gwangwanin, ta kawo, ta ajiye a gaban Baba. Ta durƙusa a ƙasa tana kuka.

Baba ya sa hannu ya fito da kafiretar. Babu sauran ƙyalli. Ƙura da gashin kaji sun manne mata. Zanzaro ya gina gidansa na laka a cikin bakinta, ya toshe duk 'yan ramukan.

Baba ya juya ta a hannunsa. Da ya buɗe baki, muryarsa a hankali take. Wannan ya fi tsawa ba Tadala tsoro.

"Me ya sa?"

Tadala ta ce, "Na ji ka ce da ya tashi sai tafiya. Ka ce kada in ji. Na ɗauka Joni za ka tafi, kamar baban Ulemu. Ba na so ka tafi, Baba."

Mama ta ce, "Wayyo ni! Joni kuma?"

Baba ya rufe ido. Ya ce, "Tashi. Biyo ni."

Suka zagaya gidan Bambo Chikopa su uku. A bayan shagon walda akwai wani abu da aka rufe da tamfol. Bambo Chikopa ya yaye. Tadala ta ga wani abu kamar ƙaramin kwalekwale mai taya ɗaya. An yi masa koren fenti irin na tankin. A ciki akwai kujera mai laushi. A gefe akwai 'yar ƙofa ƙasa-ƙasa, wadda ko mai ciwon ƙafa zai iya shiga.

Baba ya ce, "Wannan ake ɗaurawa a ƙarafan nan uku. Kujerar Agogo ce."

Tadala ta buɗe baki.

Baba ya ce, "Kin san tana da yaya a ƙauye, can bakin tafkin Chilwa. Shekara bakwai ba su ga juna ba, tun da ƙugun Agogo ya lalace. Mota tana tsayawa nesa da ƙauyen. Agogo ba ta iya takawa, ba ta iya hawa bayan babur. Yayar kuma ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Kullum aike take yi, tana cewa a kawo mata ƙanwarta. In ruwa ya sauka, hanyar ta zama taɓo har wata biyar. Ba mu san ko tana da wata biyar ba."

Tadala ta ce, "To me ya sa aka ɓoye mini?"

"Don ban tabbata babur ɗin zai tashi ba. Ban so in sa wa Agogo rai in kuma karya mata zuciya. Ke kuwa abin da kunnenki ya ji da safe, Agogo ta ji shi kafin azahar."

Tadala ta sunkuyar da kai. Ta matsa gaban Bambo Chikopa, ta durƙusa. Ta ce, "Bambo, ka yafe mini. Na san ba kai ba ne, na yi shiru. Har na faɗi sunanka."

Bambo Chikopa ya ce, "Ke yarinya ce, kuma tsoro ne ya sa ki. Amma shirunki ya yi mini ciwo, 'yata. Sati biyu ana nuna ni da baki a unguwa."

Sai Baba ya cire hularsa. Ya ce, "Laifina ya fi nata, ɗan'uwa. Ita shekararta goma sha ɗaya. Ni shekara arba'in na san ka, amma na sayar da kai a kan guntun ƙarfe. Ka kawo mini alheri har gida, na ce sata ce. Ba ni da bakin magana."

Bambo Chikopa ya dubi gefe. Ya goge ido da bayan hannu. Can ya ce, "Ni abin da ya fi ɓata mini rai, har ka yarda zan sace kafireta in bar maka tayoyin nan masu kyau."

Baba ya yi dariya, hawaye na zubo masa. Suka rungume juna.

Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Da yamma Baba ya riƙe hannun Tadala. Suka bi gida-gida inda maganar ta kai. A kowane gida Tadala ta faɗi abin da ta yi, Baba ya faɗi nasa. Suka je wurin mai gawayi da mai kifi. Suka je wurin mutum biyun da suka kwashe aikinsu. Tadala ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Sannan aka ba ta aikin wanke kafiretar. Bambo Chikopa ya kwance mata ita, ya ba ta kwano da kalanzir da siririyar waya. Kwana uku, in ta dawo daga makaranta, sai gareji. Ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya tana fitar da laka. Yatsunta suka yi ciwo. In ta ce ta gama, sai ya ɗaga ƙarfen ya duba ta hasken rana, ya ce, "Saura."

Ran Laraba ruwan farko ya sauka. Tadala ta tsaya a bakin gareji tana jin sa a kan kwano. Ya yi awa biyu ya ɗauke. Baba ya ce, "In bai ƙara ba, muna da dama."

Ran Asabar aka ɗaura kafiretar. Aka ɗaura kujerar gefe. Baba ya zuba fetur, ya hau, ya buga kik. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya buga har sau tara, gumi na zuba.

Bambo Chikopa ya ce, "Sauka, ɗan'uwa. Ƙafar ma'aikacin ofis ce da kai."

Ya ɗan murɗa wani ƙaramin noti. Ya hau, ya buga sau ɗaya. Babur ya yi tari, ya yi atishawa, sai ya kama: du-du-du-du! Kwanon gareji ya ɗauki rawa. Kaji suka watse.

Agogo ta fito daga ɗaki da sandarta. Ta tsaya cak. Ta ce, "Wannan kukan! Ko cikin babura ɗari zan gane shi. Da shi kakanku yake sanar da ni in ɗora ruwan shayi."

Baba ya kama hannunta, ya kai ta gaban kujerar. Ya buɗe 'yar ƙofar. Ya ce, "Mama, gobe za ki sha shayi da yayarki."

Agogo ta zauna a ciki. Ta rufe fuska da gefen zaninta. Kafaɗunta suna rawa.

Washegari bayan coci suka kama hanya. Agogo tana kujerarta da ƙullin sukari da sabulu a cinya. Tadala tana bayan Baba da hular kwano da ta yi mata yawa. Bambo Chikopa yana biye a kan nasa babur, yana tari yana atishawa.

Da suka bar kwalta, sai ga aikin ruwan Laraba. Wani kwari ya cika da taɓo. Tayar gefe ta nutse. Dole Tadala da Bambo Chikopa suka sauka suka tura. Tayar baya ta watsa mata taɓo tun daga kai har ƙafa.

Bambo Chikopa ya ce, "Da mun zo sati uku da suka wuce, da a bushe za mu wuce. Tura, 'yata. Taɓonki ne."

Tadala ta tura da dukan ƙarfinta. Babur ya fita.

Suka isa ƙauyen da la'asar. Wata tsohuwa 'yar ƙarama tana zaune a kan tabarma a gindin bukka. Ta karkata kai tana sauraro. Agogo ta kira ta da wani suna na yarinta, wanda Tadala ba ta taɓa ji ba. Tsohuwar ta miƙo hannuwa biyu cikin iska. Agogo ta shiga tsakaninsu. Tsohuwar ta shafa fuskarta, goshi da kunci da haɓa.

Ta ce, "Kin tsufa, yarinya."

Agogo ta ce, "Ji mai magana!"

Suka yi ta dariya suna kuka.

Tadala ta koma gefe ta zauna kusa da Baba. Taɓo ya bushe a jikinta. Ta ce, "Baba, saura kaɗan in hana wannan."

Baba ya ce, "Saura kaɗan mu hana, ni da ke. Kin ji rabin magana, kin gina gida a kanta. Ni ma haka na yi. Ki saurara da kyau. In zan je wani wuri, daga bakina za ki fara ji. Ke kuma in wani abu ya ba ki tsoro, ki zo ki tambaye ni."

Tadala ta ce, "Na yi alkawari."

Kuma ta cika. Daga ranar, in ta ji abin da ba ta gane ba, ba ta ƙarasa shi da zato. Takan je wurin mai maganar ta tambaya. Ta koyi cewa zato ba sani ba ne, kuma shirun mai laifi wani yake ƙonawa. Tambaya ɗaya da gaskiya ɗaya sun fi sati biyu na zargi sauƙi.